Ramin Marsaili

A tsibirinmu ƙasa iri biyu ce, mutane ma haka. Can gabas duwatsu ne da baƙar ƙasa mai shan ruwa ba ta ƙoshi, wadda in ka taka sai ta nemi tsotse maka takalmi. Ita ake yankawa a shanya a hura wuta da ita. Nan yamma kuwa, bakin babban teku, fili ne shimfiɗaɗɗe da muke kira machair. Farin yashi ne zalla, ɓawon katantanwa da ruwa ya niƙe iska ta watso tudu, sai 'yar fatar ciyawa a kansa wadda kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Mutumin gabas yana ganin na yamma malalaci ne, ba ya haƙa. Na yamma yana ganin na gabas da taɓin hankali, ba ya barin haƙa. Marsaili 'yar gabas ce, aure ya kawo ta yamma.

Tormod ne ya auro ta, wani dogon mutum wanda sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma uku daga bakinsa. Allah kuwa ya haɗa shi da ƙane, Lachlann, wanda ya kwashe rabon maganar gidan gaba ɗaya. Tun ranar da aka kawo amarya Lachlann ya sa mata suna 'yar gabas, ita kuma ta sa masa Bakin Gida, ba wanda ya sauke wa wani har tsufa.

Bazararta ta fari mazan suka tafi kasuwar shanu a wani tsibiri maƙwabcinmu, za su kwana biyu. Ita kuwa tana so a san ba raguwa aka kawo ba. Ta saɓi shebur ta nufi gonar dankalin gidan, can ƙarshen fili bayan tudun yashi, inda ba mai wucewa balle ya ce mata kul. Ta yi yadda uwarta ta koya mata: ta haƙa lambatu har gwiwa, ta tara ƙasar a tsakani ta tayar da kunyoyi, don a gabas in ba ka ba ruwa hanya ba dankalinka ruɓewa zai yi. Har tana mamakin laushin ƙasar, shebur na shiga kamar cikin garin tuwo. Ta koma gida hannu duk kanta, zuciya fari tas.

Abin da ba ta sani ba, nan ruwa ba ya tsayawa ko gaisawa, yana sauka yana wucewa. Abokiyar gabar yamma iska ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mazan su dawo iska ta taso busasshiya, ta tarar an buɗe mata ƙofa. Ta kwashe kunyoyin, ta bi lambatun tana yashewa, ta shiga ƙarƙashin ciyawar gefe tana ɓantarewa. Da suka iso babu gona, sai wani farin rami da zai haɗiye saniya da ɗanta, yashinsa kuma ya binne tsiron maƙwabta.

Lachlann ya tsaya bakin ramin ya riƙe ƙugu. "Amaryarmu, rijiya kike mana, ko hanyar komawa gidanku kike nema ta ƙarƙashin ƙasa? Ai da kin yi magana da mun raka ki ta sama."

Marsaili ta so ƙasa ta tsage ta shige, sai dai ta riga ta ga abin da tsaga ƙasa ke jawowa. Tormod bai yi faɗa ba. Ya durƙusa a gefen ramin, ya kama hannunta ya cusa ƙarƙashin ciyawar, inda saiwoyi suka saƙe da 'yar baƙar ƙasa.

"Ji nan," in ji shi. "Iyakar namu ke nan. Abin da ke ƙasa da wannan na iska ne, aro ta ba mu."

Rabon da ya yi doguwar magana irin wannan tun ranar ɗaurin aure. Su biyu suka gyara ɓarnar. Da sanyi ya shigo, teku ya fara amayo ciyawarsa a gaɓa, suka riƙa jido ta a kwando suna shimfiɗawa cikin ramin don ta danne yashin ta ruɓe a kai. Suka tsiro muran daga tudu, doguwar ciyawar nan mai yanka hannu wadda yashi ba ya kashewa, suka dasa layi-layi ta inda iska ke shigowa. Suka kange wurin kada shanu su taka. Ɓarnar wuni ɗaya ta ci musu shekaru. Ramin ya rufe har baƙo ba zai gane ba, amma sunan bai rufe ba. Har yau in kana kwatance a ƙauyenmu sai ka ce, ka wuce Ramin Marsaili ka yi hagu.

Wanda wuta ta taɓa ƙonawa ya fi kowa sanin zafinta. Kafin a ankara 'yar gabas ta fi 'yan gida tsoron iska. Ita ke bin bayan garma tana yi wa Tormod ihu in bakin ya nutse fiye da kima. Ita ke tuna wa mutane wace gona ta yi shekarunta biyu na sha'ir, lokacin hutunta ya yi. Takan damƙi ƙasa ta matse, in ta buɗe hannu ta watse ta san yunwa take ji, sai an ƙara mata ciyawar teku. In ta tsaya dunƙule ko na ƙiftawar ido, to ta ƙoshi. Abu ɗaya dai bai bar ta ba. Ciyawar machair daɗi gare ta, amma saniyar da ta shekara a kanta kaɗai ramewa take yi, sai an kora ta tudu ta ci ciyawar baƙar ƙasa mai tsami sannan ta murmure. Duk bazara Marsaili ke kora shanun, in ta isa inda ƙasa ta fara baƙi sai ta tuɓe takalmi ta tsaya cikin laka tana shaƙar warin gida. Tormod yakan ce da ita da shanun ciwo ɗaya ke damunsu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Niall. Ya girma, ya yi abin da sa'o'insa suka yi, ya hau jirgin ruwa ya tafi Glasgo gyaran injuna. Ba wanda ya ga laifinsa. Fili yana ciyar da mutum amma ba ya sa masa sutura, kowa ya sani. Haka gidaje suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da, in ka fito da safe hayaƙi ne ko'ina, ka san wa ya tashi wa ya makara. Aka wayi gari hayaƙin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Jidar ciyawar teku da ake yi gayya, da waƙa da tsokana, ta koma aikin tsofaffi masu nishi.

Wata kaka Tormod ya shigo daga gona ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna kan kujerarsa, bai sake tashi ba. Ya tafi yadda ya zauna a duniya, ba hayaniya.

Maƙabartarmu a bakin machair take, dab da tudun yashi, don nan kaɗai za ka haƙa tsawon mutum ba ka ci karo da dutse ko ruwa ba. Haƙa kabari a nan kuwa yana da ƙa'ida. Ba a fasa ciyawar. Yanka ta ake yi doguwa, a zare ta da saiwoyinta, a naɗe kamar tabarma a ajiye gefe. In an sa mamaci an mayar da yashi, sai a warware ta a kai, a tattake gefe da gefe har ba a ganin ɗinkin. Kabarin da aka bari tsirara, iska ce za ta tone shi kafin shekara. Lachlann ne ya yanka ta Tormod, ranar ce kaɗai aka gan shi bai ce uffan ba. A gefen kabarin, ta wajen katangar maƙabartar da ke fuskantar teku, aka bar wa Marsaili wurinta.

Kaɗaici ya same ta, ba kaɗan ba. Ba maganar Tormod ta rasa ba, don babu ita tun asali. Shirunsa ta rasa. Shirun mutum biyu daban, na mutum ɗaya daban. Ta daɗe tana sauke kofi biyu in buta ta tafasa, sai ta mayar da ɗaya. Ta koma yi wa saniya hira, saniyar kuwa ta fi Tormod amsawa. Da yamma takan taka zuwa maƙabarta ta tsaya kan wurinta, ba addu'a take yi ba, ba kuka ba, tsayuwa ce kawai irin ta mai jiran mota.

A irin wannan tsayuwa ta hango farin abu bayan katanga. Zomaye ne suka yi gidaje a tudun. Da, samari ke rage su da tarko, yanzu ba samarin. Ramukansu suka haɗe, iska ta shiga, ga baki ya buɗe fari fat yana fuskantar teku. Ta auna da ido: tsakaninsa da katanga bai fi jifan tsohuwa ba, kuma ta gefen Tormod yake tahowa. Ta san yadda irin wannan rami ke tafiya, ai ita ta taɓa haifar ɗaya. Ta kuma ji labarin tsoffin maƙabartu a wasu tsibirai, inda aka wayi gari ƙasusuwan kakanni na birgima a gaɓa.

Ta gaya wa Niall a waya. Sai ya kawo maganar da ya saba kawowa.

"Mama, ɗakinki yana nan a gyare. Jikokinki kullum sai sun tambaya. Ki bar wannan wahala ki taho, don Allah. Wanda ya mutu ai ba ya jin sanyi."

"Ubanka ne fa."

"Na sani, Mama. Ke ma ai uwata ce, kuma ke kina jin sanyin."

Sai ta ce masa buta na tafasa.

Washegari ta fito da baro. Ciyawar tekun da ta tara don gonarta, ta juye ta duka cikin ramin. Wadda ta biyo baya ma haka. Shekarar nan dankalinta ya fito ƙanana kamar ƙwan tantabara, ba ta damu ba. Ta tsiro muran har tafin hannunta ya yi kaca-kaca. Ta toshe ramukan zomaye da duwatsun gaɓa. Ta dasa, iska ta tuge, ta sake dasawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in shi kaɗai ya rage sai ya ja ta a ƙasa.

Lachlann a lokacin ya tsufa, ƙugu ya riƙe, ya zama dattijon coci mai baƙar kwat, amma bakin yana nan yadda yake. Bai taɓa aure ba. Yakan ce ya ga abin da 'yar gabas ta yi wa gonar yayansa, ya tsorata. Yakan dogara sanda ya zo ya zauna kan katanga yana kallonta.

"'Yar gabas, ke dai da rami sai ka ce zomanya. Ko danginki ne suka biyo ki?"

"Bakin Gida, da bakinka shebur ne da tuni mun gama."

"Ai ni aikina duba aiki. Wancan layin ya karkace."

"Idonka ne ya karkace, tsoho."

In ya tafi takan je ta duba, ta tarar layin ya karkace ɗin.

Sai wata Asabar iska ta juya, ta kwana tana duka. Da gari ya waye ga ciyawar teku tuli a gaɓa, irin wadda ba a gani ba duk sanyin nan, ga kuma dashen da ta sha wuya a kai ya fara ɗagowa. In ruwan teku ya dawo da azahar zai kwashe abinsa, in ramin ya sake kwana tsirara zai kai katanga. Ranar kuwa Lahadi ce. A wajenmu Lahadi ko wanki ba a shanyawa, ko dankali tun Asabar ake ferewa. Tun da aka haifi Marsaili ba ta taɓa ɗaga abin da ya fi buta nauyi ran Lahadi ba. Ta sa kayan coci, ta tsaya bakin ƙofa, ta daɗe. Sannan ta koma ta tuɓe, ta ɗauko baro, tana waige-waige kamar mai shiga gonar wani.

Tana cikin sawu na biyu ta ɗaga kai ta gan shi a hanya, da baƙar kwat da sanda, zai tafi coci. Ya tsaya. Ita ma ta tsaya, ciyawa na ɗiga daga hannunta. Ta san abin da dattijon coci zai iya yi: a kira sunanta gaban jama'a, 'yan tsirarun da suka rage su daina gaishe ta.

"Marsaili," in ji shi. Bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar. "Kin san yau wace rana ce?"

"Na sani. Je ka gaya wa iska, ko ita ba ta sani ba."

Ya dubi ramin, ya dubi katanga, ya dubi inda yayansa yake kwance. Can sai ya jingine sanda, ya cire kwat ya ninke ta tsaf ya ɗora dutse a kai.

"In an tambaye ki, ba ki gan ni ba. Ni ma idona ya karkace, kin faɗa da bakinki. Miƙo wancan cokalin."

Ta miƙa masa cokalin jidar ciyawa. Suka yi ta yi, shi yana lodi a durƙushe don ƙugun ba ya miƙewa, ita tana turawa, har ruwa ya dawo ya kore su. Ba su gama rufe ramin ba, amma sun rufe bakin da ke cin katanga. Ran nan a coci ba a ga dattijo ba, aka ce ƙugu ne ya tashi. Ba a yi ƙarya ba, don daga ranar bai sake takawa ba sai da sanda biyu.

Sannu ba ta hana zuwa. Muran ya kama, ya tare yashi. Ƙarƙashinsa ruɓaɓɓiyar ciyawar teku ta zama 'yar baƙar ƙasa, ƙananan ciyayi suka samu wurin zama. Wata bazara Marsaili ta zo ta tarar farin ya ɓace, furanni sun rufe wurin, fari da rawaya, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Ta durƙusa ta cusa hannu ƙarƙashin ciyawar, ta ji saiwoyi sun saƙe. Ta waiga don ta nuna wa wani, ba kowa a filin sai ita da shanu.

Ta yanko ɗan guntu a tafin hannu ta kai wa Lachlann, wanda a lokacin ba ya fita. Ya juya shi, ya shinshina, ya matse ya buɗe hannu.

"Ashe dai 'yar gabas ta zama mutum."

"Sai yau ka sani?"

"Na daɗe da sani. Tsoro nake kada kanki ya kumbura."

Bai ga wata bazarar ba. Da kaka ya bi yayansa, hayaƙin ƙauyen ya koma ɗaya.

Niall ya zo jana'iza, da furfura a gefen kansa, da niyyar ba zai koma shi kaɗai ba. Tun a hanya ya fara: yanzu Baffa Lachlann ma ya tafi, wa zai leƙa ta in ta faɗi, wa zai ji in ta kira. Ta ce a bari a binne mutum tukuna.

Mazan da suka zo haƙa daga wasu ƙauyuka suke, mutanen kirki. Marsaili ta roƙe su su dakata kaɗan. Ta karɓi shebur ta miƙa wa ɗanta.

"Kai za ka yanka ciyawar."

"Mama, ga waɗanda suka saba."

"Na gan su. Riƙe."

Ya karɓa. Ta nuna masa inda zai ja layi, ta ce ya kwantar da bakin shebur, kada ya wuce tafin hannu. Hannunsa bai manta gida ba, yankan ya tafi sumul, sai wajen naɗi gefe ɗaya ya ɓantare. Ta sa shi ya warware ya sake.

"Ai na ga Baba yana yi," in ji shi, yana haki.

"Gani daban, yi daban. Tallafe ta da gwiwa. Yawwa. In ka mayar, ta wajen teku za ka fara tattakewa, ta nan iska take shigowa. In ka ga ɗinkin ya buɗe, ka cusa ciyawar teku. Kada ka yi sauri don jirgi zai tashi, jirgi ya jira."

Ya ɗago ya dube ta. "Mama, duk wannan na mene ne? Ai kina nan, kya gyara min."

Ta nuna masa da haɓa, can gefen Tormod, inda ciyawa take kore shar ba a taɓa ta ba.

"Yau ina nan. Wancan ne aikinka, kuma ranar ba wanda zai tsaya a kanka."

Niall ya daɗe yana kallon wurin. Mazan suka kau da kai, suka shiga gyara igiyoyin da ba su buƙatar gyara. Ya share ido da bayan hannu, ya sunkuya ya naɗe ciyawar a hankali, ya ɗauke ta cak ya ajiye gefe ba ta zubar da ko saiwa ɗaya ba.

"Ta yi?"

"Ta yi."

Bai sake tayar da maganar Glasgo ba. Ranar tafiyarsa ya gyara mata tayar baro, ya sa wa shebur sabuwar ƙota, ya jingine shi bayan ƙofa inda zai same shi. Ta raka shi har bakin hanya, ta tsaya sai da mota ta ɓace.

Daga nan ba gida ta nufa ba. Ta bi ta maƙabarta, ta zagaya kabarin Lachlann tana taka gefen da ƙafa, ta wajen teku tukuna. Ɗinkin ya kama, ba inda ya buɗe. Ta gaya wa Tormod yaron ya iya. Sannan ta juya ta kama hanya, iska na tura ta ta baya, ta je ta ɗora buta, ta sauke kofi ɗaya.